Katako Daga Falo Har Baranda: Tambayoyi da Amsoshi

Masu ginin da suka ga hoton gidan da katakon bangon falonsa ya ratsa gilashi ya fita baranda sukan kawo mana tambayoyi kusan iri ɗaya. Mun tattara su a nan, tare da awo da adadi, domin mai gida da kafinta su karanta tare kafin a sayi ko falle ɗaya.

Me ake nufi da haɗa ciki da waje da katako?

Ana lulluɓe bango ko silin da falle-fallen katako, a ci gaba da irin katakon, da faɗinsa, da layinsa, daga cikin ɗaki har zuwa baranda ko tsakar gida. Idan tsakaninsu gilashi ne, ido ba ya tsayawa a bakin ƙofa, sai ya bi layin katakon ya fita. Falo mai mita 5 sai ya zama kamar mai mita 8, domin baranda ta shigo cikin lissafinsa.

Dabarar ta daɗe. Gidajen gargajiya na Japan suna da wani dandamalin katako a ƙarƙashin leɓen rufi da suke kira engawa, wanda ke tsakanin ɗaki da lambu. A Amurka, mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya tsara gidan Jacobs da aka gina a Madison a 1937 da bangon katako mai fuska iri ɗaya ciki da waje. Bayansa Joseph Eichler ya gina gidaje kimanin 11,000, akasarinsu a Kalifoniya, waɗanda silin ɗinsu na katako ke wuce saman gilashi ya fita ƙarƙashin rufi. Mu da muka tashi da rumfa da tsakar gida mun san zaman da rabinsa ciki ne rabinsa waje. Abin da ya rage shi ne sanin halin katako a irin yanayinmu.

Falle ɗaya ake zarcewa da shi ta cikin bango har waje?

A'a, kuma wannan ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Ido ne ake so ya ga katako ɗaya, amma a aikace biyu ne, kowane da zamansa. Ana yanke fallen a daidai firam ɗin gilashi, na ciki ya tsaya a gefensa, na waje ya tashi daga ɗaya gefen, a bar tazarar milimita 5 zuwa 8 tsakanin kan katakon waje da firam.

Dalilan a fili suke. Katako yana shan ruwa ta kansa, wato wajen da zarto ya yanka, fiye da yadda yake sha ta gefe nesa ba kusa ba, saboda jijiyoyinsa kamar ƙananan bututu suke a jere. Fallen da ya ratsa bango zai riƙa jan ruwan sama yana kai shi ciki, bayan shekara ɗaya ko biyu a ga tabo yana bin katakon falo. Na biyu, rabin da ke waje yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, rabin da ke ciki kuwa, musamman ɗakin da ake kunna na'urar sanyi, motsinsa kaɗan ne. Inda suka haɗu nan zai tsage, ko ya ɓalle abin da aka toshe gefen gilashi da shi. Sai kuma ƙura da sauro da gara, waɗanda duk wani tsagi da ya ratsa bango hanya ce gare su.

Yadda ake yi: a zaɓi dogon falle, a yanka shi biyu, a rubuta lamba ɗaya a bayan kowane rabi, misali 7 ciki da 7 waje. Idan aka kafa su a layi ɗaya, zanen jikin katakon zai ci gaba ta bayan firam kamar ba a taɓa yankawa ba. Kafin a buga na farko a ja layi ɗaya da lebur ya ratsa ɗakin da barandar gaba ɗaya. Kuskuren milimita 3 a tsakiyar bango ba mai gani, amma a gefen gilashi, inda layuka biyu ke fuskantar juna, ko yaro zai nuna shi.

Ta ina ya fi dacewa a fara, bango ko silin?

Silin. Katakon da ke ƙarƙashin rufin baranda ba ruwa a kansa, ba rana kai tsaye, gara kuma sai ta yi doguwar tafiya kafin ta kai gare shi. Launinsa yakan daɗe daidai da na ciki, gyaransa kaɗan ne. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka ba, ya yi silin ya bar bango da filasta da fenti, zai samu yawancin kyan da yake nema.

Bayan silin sai bangon da ke cikin inuwar baranda. Bangon yamma da ba shi da rufi shi ne na ƙarshe, domin ranar la'asar ta bazara ba ta raga wa mai ko fenti. A arewa a ƙara lura da gabas, tunda ta nan hadari ya saba tasowa da iska mai watsa ruwa a jikin gini. Leɓen rufi da ya fito da santimita 60 zuwa 90 yana ƙara wa katako shekaru fiye da duk wani abin shafawa.

Wane katako ya dace?

A Turai ana jera katako aji biyar wajen jure ruɓewa, aji na 1 shi ne mafi juriya, na 5 kuma mafi rauni. Wannan jerin na zuciyar itace ne kaɗai. Farin da ke kusa da ɓawo, ko na wace bishiya ne, ba ya jure komai, kuma shi ƙwaro ke fara ci. Duk fallen da aka ga farin layi a gefensa, a yanke farin ko a kai shi ciki.

A ƙasashen sanyi sun fi amfani da jan katakon sida (cedar) na yammacin Kanada da Amurka, wanda ba shi da nauyi kuma ba ya yawan motsi, sai katakon lac (larch) na Turai da Sabiriya. Shigo da su nan tsada ne ba tare da wani dalili ba, domin dazukan Afirka ta Yamma suna da waɗanda suka fi su. Loko, wanda 'yan katako suka fi sani da iroko, yana tsakanin aji na 1 da na 2, yana da natsuwa, kuma shi muka fi ba da shawara a waje. Aibinsa biyu: ƙurarsa tana damun hanci da fata, dole mai yanka ya rufe fuska, kuma wani lokaci akan samu dunƙulen abu mai tauri kamar dutse a cikinsa da ke dakushe zarto. Tik ma yana da kyau, sai dai na gonar da aka sare da ƙuruciya farinsa yana da yawa. Opepe da kawo suna da juriya sosai amma nauyi da tauri gare su, opepe kuma yakan yi ƙananan tsage-tsage a rana. Maɗaci matsakaici ne, ya dace da silin da bangon da ke inuwa.

Obeche da afara ba na waje ba ne. Suna da araha da sauƙin aiki, shi ya sa ake yawan kawo wa mai gida su a rina su ja a ce masa wani abu ne daban. Ɗaga falle ka ji nauyinsa, ka danna farce a gefe: idan ya shiga cikin sauƙi, wannan na cikin ɗaki ne.

A san kuma cewa madobiya ta shiga jerin itatuwan da CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido a 2017 saboda yawan sararta, kawo da maɗaci suka bi ta bayan taron 2022. Dokar ta shafi fitarwa ƙasashen waje ne, amma ta isa ta sa mai saye ya tambayi inda katakonsa ya fito.

Gasasshen katako da ƙonannen katako fa?

Abu biyu ne daban. Gasasshe shi ne wanda aka saka a tanda mai tururi, ba iska, a zafin digiri 190 zuwa 212, kamar yadda ake yi wa ThermoWood a Finlan. Zafin yana canza abin da funfuna ke ci a jikin itacen, katakon ya yi duhu har cikinsa, motsinsa ya ragu ƙwarai. Obechen da muka ce ba ya zaman waje, idan aka gasa shi haka, Turawa suna lulluɓe gidaje da shi. Amma gashi yana sa katako ya yi gautsi, kuma ba ya hana gara.

Ƙonanne kuwa al'adar Japan ce da ake kira yakisugi: a babbake fuskar fallen har ta yi gawayi. A waje yana da kyau. A falo gawayin yana shafar tufafi, sai an goge shi da buroshi an shafa mai kafin a zauna kusa da shi.

Me ya sa ake ta maganar danshi?

Domin yawancin aikin da ya lalace, tun ranar sayen katako ya lalace. Katako ko ya shekara hamsin yana shan laimar iska yana fitarwa. Idan laimar iska ta sauka zuwa kashi 20 cikin 100, kamar tsakiyar hunturu a Kano ko Damagaram, danshin katako yakan koma kashi 4 zuwa 5. Idan ta hau kashi 80 a watan Agusta, yakan kai kashi 16. Kafintoci suna ƙiyasta cewa duk canjin kashi 4 na danshi yana canza faɗin katako mai matsakaicin motsi da kusan kashi 1. Ke nan falle mai faɗin milimita 150 zai iya motsawa da milimita 4 zuwa 4.5 tsakanin Janairu da Agusta. Loko da tik ba su kai haka ba. Ta tsawo kuwa katako kusan ba ya motsi.

Littattafan Turai sukan ce a kafa katakon waje da danshin kashi 16 zuwa 18. Wannan awon ƙasarsu ne. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar a nemi kashi 10 zuwa 12 a waje, 8 zuwa 10 a ciki, wato tsakiyar abin da katakon zai riƙa yawo a kai. A Kumasi ko Legas a ɗaga zuwa 14 ko 16.

Katakon da ya taso daga kudu a tirela sau da yawa yana sama da kashi 25. Idan aka kafa shi a haka, hunturun farko zai buɗe tsakanin falle da falle har a ga bango. A jera shi a inuwa, sama da ƙasa da santimita 30, a sa ƙananan sanduna masu kaurin milimita 20 tsakanin kowane jeri, tazarar santimita 50, kowace sanda a saitin ta ƙasa da ita, a ɗora nauyi a sama. A shafa wa kawunan fenti ko kakuma, in ba haka ba iskar hunturu za ta busar da su kafin tsakiya su tsage. Ana auna danshin katako da na'ura mai allura biyu. Wanda bai samu ba ya yanko guntu daga tsakiyar falle, ya auna nauyinsa, ya busar a tanda a digiri 103 har nauyin ya daina raguwa. Idan giram 120 ya koma 100, danshin kashi 20 ne.

Kafin a kafa, na ciki ya yi mako biyu a cikin ɗakin, bayan filasta da daɓe sun bushe sarai. Na waje ya yi nasa a baranda.

Yaya ake kafa shi a kan bangon bulo?

Kada a manna katako a jikin bango. Duk yadda aka kai ga gyara haɗi, ruwa zai shiga baya, kuma abin da ke ruɓar da katako shi ne ruwan da ya shiga ya rasa mafita. Saboda haka ake barin sarari a baya inda iska ke shiga ta ƙasa ta fita ta sama.

A fara da filasta mai kyau, a shafa mata abin hana ruwa. Idan bangon na firam ne, a shimfiɗa leda ta musamman mai hana ruwa shiga amma mai barin tururi ya fita. Ledar shago ba ta yi, tana tara gumi. Sai a kafa sandunan baya masu kaurin aƙalla milimita 25, tu-bai-tu da aka sa wa magani ya wadatar, tazarar santimita 40 zuwa 60. A daidaita su da igiya, a cusa ƙananan roba a bayansu inda bango ya lotsa, domin duk karkatar da ke jikin sanda za ta fito a fuskar katako. Ƙasa da sama a bar buɗe, a rufe da ragar ƙarfe mai ƙananan ido saboda ɓera, ƙadangare da zanzaro. Fallen ƙarshe na ƙasa ya tsaya santimita 20 sama da ƙasa. Inda ruwa ke zubowa daga kwano ya fantsama, a kai 30. Wurin da aka bari a yi masa dutse ko tayil.

A ciki ma a sa sanduna, ko da sirara ne. Suna ba da wurin wucewar waya, kuma suna raba katako da gumin bango. Abin lura shi ne kaurin sanda da na falle, ciki da waje, a lissafa su tun kafin a sa firam ɗin gilashi, domin fuskokin biyu su fito a saiti ɗaya. Mai aikin almini da kafinta su tsaya tare a wurin ranar awo.

Kwance ko tsaye?

Layin da ya nufi gilashi shi ke jan ido waje, don haka a bangon da ke ratsa ƙofa kwance ya fi, a silin kuma a miƙe fallen daga falo zuwa baranda. Na kwance sandunansa tsaye suke, ruwa yana gangarawa ba abin da ya tare shi. Na tsaye yana buƙatar sanduna hawa biyu, na farko a tsaye na biyu a kwance, in ba haka ba sandar kwance za ta zama madatsa.

Faɗin falle kada ya wuce milimita 150, kauri 18 zuwa 22. Mai harshe da tsagi, wanda ɗaya ke shiga cikin ɗaya, a tsaya a 125 ko ƙasa, harshen ya kalli sama, a bar milimita 2 a cikin haɗin. Wanda aka kafa da hunturu a matse, damina za ta kumbura shi ya turo waje kamar cikin tulu. Kan fallen tsaye na ƙasa a yanka shi a karkace, kusan digiri 15, ruwa ya ɗiga ta gaba.

Wace ƙusa ake amfani da ita?

Sukuru ko ƙusa na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 304, kusa da teku kuma 316. Loko, sida da makamantansu suna da sinadarin da idan ya haɗu da baƙin ƙarfe da ruwa yake zama baƙi kamar tawada, sai ka ga hawaye baƙi yana gangarowa daga kowace ƙusa bayan ruwan farko. Ko tartsatsin injin yankan ƙarfe da ya sauka a kan katako yana barin ɗigo-ɗigo, don haka mai walda ya gama aikinsa kafin a kawo katako.

Tsawon sukuru ya kai kaurin falle sau biyu da rabi: falle mai milimita 20, sukuru mai 50. Katako mai tauri sai an fara huda shi, hujin ya fi jikin sukurun faɗi da kusan milimita 2 domin fallen ya samu wurin motsi. A nisanci kai da milimita 20 zuwa 25, gefe da 15. Falle mai faɗin sama da 100 yana son biyu a kowace sanda. Kan sukurun ya kwanta daidai da fuska. Idan ya nutse ya zama ƙaramar rijiya mai riƙe ruwa.

Me ya sa na waje ya yi toka-toka, na ciki yana nan ja?

Hasken rana yana cinye sinadarin da ke riƙe zaren katako a fuska, ruwa ya wanke shi, a bar farin zare da funfuna ke rinawa launin toka. Ƙarfin katakon yana nan, fatar sama ce kawai. Gilashi yana tace wani ɓangare na hasken da ke yin wannan ɓarna, shi ya sa na ciki yake canzawa a hankali, loko ma duhu yake ƙarawa. Bayan shekara biyu sai a ga launi biyu suna kallon juna ta gilashi, abin da aka kashe kuɗi dominsa ya tafi.

Mafita uku ce, kuma a zaɓa tun farko. Ko a tsare aikin a cikin inuwar rufi. Ko a shafa mai mai ɗan launi ciki da waje, a riƙa sabunta na waje. Ko kuma a rungumi tokar, a rina duka biyun launin toka tun ranar farko, ta yadda idan rinin waje ya tafi tokar gaskiya ta maye gurbinsa. Mai marar launi ba ya kare rana, ƙwayoyin launin da ke ciki su ne garkuwar.

Banish ko mai?

A waje, mai mai shiga jiki. Banish fata yake yi a sama, katako ya motsa a ƙarƙashinsa, fatar ta tsage, ruwa ya shiga ya kasa fita, sai ta fara saɓulewa kamar saɓar maciji. Gyaransa sai an kankare duka. Mai kuwa dusashewa yake yi, a wanke a ƙara.

A shafa wa kowane falle gaba da baya da gefe da kai kafin a kafa. Wanda aka shafa wa gaba kaɗai yana shan laima ta baya ya lanƙwashe kamar kwasfa. Duk inda zarto ya sake yanka, a sake shafawa. Loko da tik suna da maiƙonsu, a goge fuskar da tina, ruwan tsinka fenti, kafin shafin farko. Abin da ya rage bai shiga ba bayan minti 15 zuwa 20 a share shi, in ba haka ba zai yi danƙo ya kama ƙurar hunturu. A ciki a nemi mai mai launi ɗaya da na waje amma marar wari mai ƙarfi.

Tsumman da aka shafa man lilin (linseed) da shi yana iya kamawa da wuta da kansa idan aka dunƙule shi. A baza shi a waje ya bushe, ko a tsoma a bokitin ruwa.

Gara fa?

Gara daga ƙasa take zuwa, kuma sararin da muka bari a bayan katako duhu ne mai daɗi gare ta. Magabata sun zaɓi azarar giginya a rufin soro domin gara ba ta cika cinta ba, kuma tunanin bai canza ba: a fara da itacen da ba ta so. Sai a zuba magani a ƙasan gini, a tono duk kututture da guntayen katakon da magina suka binne. Sandunan baya su ne abincinta na farko, domin yawanci da katako mai araha ake yin su; a sayi waɗanda aka dafa da magani, ko a yi su da almini. Tazarar santimita 20 ɗin nan ta ƙasa a bar ta a fili, ba tukunyar fure, ba tarin yashi, domin nan za a hango hanyar laka idan ta fara hawa.

Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi kada ya kusanci wannan aikin. Yana wari, yana ɓullowa ta fuska, kuma ba wani mai da zai zauna a kansa.

Yaya za a yi dokin ƙofa ya zama daidai da baranda ba tare da ruwa ya shigo ba?

A sa magudana siririya mai murfin raga a gaban ƙofar, tsawonta duka, da bututun da ke kai ruwan kwata. Daɓen baranda ya gangara waje da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Idan ƙasan baranda katako ne, a bar milimita 5 zuwa 6 tsakanin falle da falle. Inda ƙofar ke kallon gabas ba rufi mai zurfi, gara a haƙura a sauke baranda da santimita 5.

Akwai haɗarin gobara?

Akwai. Sararin baya yana jan wuta sama kamar bututun hayaƙi. A gidan bene a sa abin tare wuta a kowane hawa da kewayen tagogi. Akwai wanda ke barin iska ta wuce amma ya kumbura ya toshe idan ya ji zafi. Ingila ta hana kayan da ke ci da wuta a bangon waje na gidajen kwana da suka wuce mita 18 tun ƙarshen 2018. A gidan ƙasa, janareto, tukunyar gas da murhun gashi su yi nesa da bangon katako, wayar da ke bayansa kuma ta bi ta cikin bututu, ba haɗi a ɓoye.

Yaya ake lissafin kaya?

Ɗauki bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3, da falle mai rufe milimita 120 bayan an cire haɗi. Mita 3 a raba da 0.12, jeri 25 ke nan. Jeri 25 sau mita 4, mita 100. A ƙara kashi 10 na yanka da zaɓe, 110. Idan katakon kasuwa ne mai fari da tsagewa, a ƙara 20. Falle mai ƙafa 12 kusan mita 3.6 ne, don haka 31. Sanduna a tazarar santimita 60 guda 8 ne, mita 24, a ƙara guda biyu domin inda kawuna ke haɗuwa. Sukuru biyu sau 8 sau 25, 400. Mai, lita ɗaya takan ci murabba'in mita 10 zuwa 15 a gogaggen katako, a tuna kuma gaba da baya za a shafa. Na ciki da na waje a saye su rana ɗaya daga tari ɗaya, domin loko biyu daga daji biyu ba sa zuwa launi ɗaya, a ajiye falle uku ko huɗu saboda gyara.

Wace kulawa yake so bayan an gama?

Sau biyu a shekara. Ƙarshen hunturu a share ƙura da buroshi mai laushi, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a bar shi ya bushe kwana biyu, a ƙara mai inda ya dusashe kafin ruwan farko. Gwajin mai sauƙi ne: yayyafa ruwa, idan ya tsaya ɗigo-ɗigo man yana nan, idan ya shige ya bar duhu lokaci ya yi. Bangon da ke shan rana yakan nemi haka duk shekara, na inuwa shekara biyu zuwa uku, silin ya fi haka daɗewa. Injin wankin mota mai matsi yana tsefe zaren katako ya tura ruwa cikin haɗi, a bar shi a gareji.

Ƙarshen damina a duba ragar ƙasa ko ganye ya toshe ta, a bi gindin bango ana neman hanyar gara, a danna tsinken sukurudireba a kawunan fallen ƙasa. Wanda ya yi laushi a cire shi a sa ɗaya daga cikin na ajiya, a kuma nemo inda ruwan ke taruwa, yawanci indararo ne ya karkace ko ƙasa ta taru ta cinye tazarar. Baƙin tabon ƙarfe yana fita da ruwan asid na ogzalik, a sa safar hannu, a ɗauraye sosai, sannan a musanya ƙusar da ta jawo shi.